Minti Ɗaya da Rabi da Na Yanke ma Ƙanena

Shekara uku a jere ni ne mai riƙon agogo a wasan tamaula na makarantun yankinmu, tun Turawa na mulki. Ba yawan ilimi ya ba ni aikin ba. Elementare huɗu na yi na tsaya, na samu aikin duba sikeli a kasuwar auduga ta Kankia, shi ya sa ake ce mani Akawu. Amma a lokacin waɗanda suka iya kallon agogo su faɗi minti ba tare da ƙirga da yatsa ba kaɗan ne, kuma mutane sun ɗauke ni mai gaskiya.

Bayan an kai amfanin gona gida ake yin wasan, a wani fili bayan kasuwa. Makarantu huɗu ko biyar ke zuwa, wasu a ƙafa, wasu a bayan motar auduga. Yara ba takalmi, gola kuwa gora biyu ce da ta uku a kwance bisa kansu. Makarantar da ta ci wasan ƙarshe ita ke tafiya da garkuwar katako ta rataye a aji har shekara ta zagayo. In an yi kunnen doki a wasan ƙarshe, garkuwa na zama wurin masu riƙe da ita.

Alƙalin wasa yana da usur amma ba shi da agogo. Ni ke zama kan benci ƙarƙashin tsamiya da agogon tebur a cinyata, fuskarshi na kallona ni kaɗai. Kusa da kaina an rataye wani guntun ƙarfen mota. Idan na buga shi wasa ya ƙare, ko ƙwallo na sama. Sai kuma wata al'ada da malamai suka ƙirƙiro: idan saura minti uku, in ɗaga farin ƙyalle a kan sanda, don yara su san lokaci ya zo su fitar da sauran ƙarfinsu.

Malamai don yara suka yi ƙyallen, amma 'yan kasuwa sun samo mashi wani amfani. Akwai wasu da ke tsayawa can gefen rumfar mahauta, ba ruwansu da wa ya ci wa ya faɗi. Abin da suke musu a kai ɗaya ne: za a jefa ƙwallo bayan an ɗaga ƙyalle, ko ba za a jefa ba? Da goro aka fara, shi ya sa ko bayan abin ya kai ga riga da akuya ba wanda ke ce mashi caca, sai dai a ce an sa goro. Da an ɗaga ƙyallen nan za ka ga manyan mutane masu iyali sun manta da girmansu suna ihu kamar yara.

Ni da ke zaune da agogo na ga abin da su ba su lura da shi ba. A minti ukun nan yara sun riga sun gaji, kowa ya koma baya yana tsare gida, da wuya a jefa. Sai na fara sa nawa goron ta hannun wani abokina tela, da sunanshi. Na ci sau da yawa, ƙananan abubuwa, kuma ban taɓa taɓa lokaci ba. Da wannan nake lallashin kaina: ai ban cuci kowa ba, lura kawai na fi su.

A shekara ta uku makarantar garinmu, can wajen Kusada, ta kai wasan ƙarshe, kuma ƙanena ne ke gaba. Shi ne autanmu, Auta muke ce mashi. Mahaifinmu ya rasu Auta na ɗan shekara biyar, ni na zama mashi uba. Lokacin da mutane ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu kada a rubuta su makaranta, ni na kama hannunshi na kai shi da kaina. Ya fi ni kai nesa ba kusa ba. A shekarar yana aji huɗu, kuma kowa ya san yana cikin yara ukun da hedimasta zai aika sunansu su zauna jarrabawar shiga makarantar Midil a Katsina. Abin da ni ban samu ba shi nake so ya samu, ko dai haka nake gaya ma mutane.

Da safen ranar wasan na je rumfar tela wai a ɗinke mani aljihu. Sai ga wani mahauci, babban mai sa goro, ya zo yana goge hannu a jikin zanenshi.

"Kai Tela, yau ma tsoro za ka bi? Ba a jefawa, ba a jefawa, kullum bakinka kenan kamar tsohuwa."

"Tsohuwar ce ta cinye maka akuya bara," in ji tela.

"Yau maraƙi na sa. Jan nan da ke ɗaure bayan rumfata. Ka taɓa ganin yaron Kusadan nan yana gudu? Lokacin da kowa ya gaji shi lokacin yake farkawa. Ga yayanshi nan, tambaye shi. Akawu, ƙarya na yi?"

Na yi dariya na ce, "Ni agogo na sani."

Da ya tafi tela ya dube ni. Ba shi da abin da zai tsaya ma maraƙi. Ni kuwa ina da keke, kuma ina neman aure, maraƙin nan zai rufa mani asiri. Na ce mashi ya je ya ce ya sa keke, kada ya faɗi na wane ne. Mahaucin da ba ya haɗa komai da yaron ya yarda da ƙafarshi har ya sa maraƙi, ni da muka fito ciki ɗaya na sa kekena a kan ba zai iya ba. A lokacin ko kaɗan abin bai yi mani nauyi ba.

Waɗanda muka kara da su yaran wata makaranta ce ta wajen Rimaye, su ke riƙe da garkuwa. Kafin a fara, malaminsu ya yi ƙorafi cewa bai kamata yayan ɗan wasa ya riƙe agogo ba, zai ƙara ma ƙanenshi lokaci. Aka ce mashi Akawu ba ya haka. Ya haƙura.

Su suka fara jefawa. Bayan an juya, wani dogon yaro namu ya rama. Aka yi ta fama, rana ta yi sanyi, inuwar tsamiya ta kai tsakiyar fili. Saura minti uku na ɗaga ƙyalle, wurin ya ɗauki ihu. Yaran Rimaye duk suka koma baya, don kunnen doki ya ishe su. Na ji daɗi a raina, na ce an gama.

Sai ɗaya daga cikinsu ya yi ƙoƙarin dokawa waje, ƙwallo ta goge ƙafarshi ta faɗo gaban Auta. Ya ɗauke ta. Ya wuce na farko, ya wuce na biyu. Na san gudun nan, tun yana bin awaki na san shi. Na dubi agogo: saura minti ɗaya da rabi.

A nan ne wani tunani ya zo mani wanda bai zo ba da safe. Ba keken kaɗai zan rasa ba. Duk Kankia an san kekena, da jar fatar da na naɗe sirdinshi da ita. Gobe idan aka ga mahauci bisa shi, kowa zai san mai riƙon agogo ɗan caca ne. Aikina, aurena, sunana. Ba zan ce shaiɗan ya ja hannuna ba, don na daɗe ina faɗin haka a zuciyata kuma ba gaskiya ba ne. Na ga yaron ya wuce na ƙarshe, saura shi da mai tsaron gida, na ɗaga guduma na bugi ƙarfe.

Ƙarar ta riga ƙafarshi da kamar numfashi ɗaya. Ya buga duk da haka, ƙwallo ta shige ta ƙarƙashin gora. Rabin fili na tsalle, rabi na nuna tsamiya. Alƙali ya dube ni, na ɗaga agogo sama kamar mai shaida, amma na riga na murɗa shi gaba da babban yatsa. Ya ce ƙarfe ya riga, ba ta ci ba.

Akwai wani matashin malami da ke koya ma yaranmu wasan, yana da agogon hannu. Ya zo wurina fuskarshi a murtuke.

"Akawu, nawa ya ce da saura."

"Malam, ba naka ne ya tsaya ranar Juma'a har ka makara masallaci ba?"

Mutane suka fashe da dariya, don an san agogon nashi da haka. Wani dattijo ya ce, "Haba Malam, wa zai cuci ƙanenshi? Ai yau Akawu ya nuna shi ɗan halas ne." Har malamin Rimaye ya zo ya ba ni hannu ya nemi gafarar zargin da ya yi mani.

Auta ya iso yana haki, gumi na zuba daga haɓarshi. Bai yi kuka ba. Ya ce, "Yaya, da na buga tun kafin in wuce na ƙarshen, ko?"

Na ce, "Allah bai nufa ba, Auta."

Washegari da safe na goya shi a keken muka tafi gida. Duk hanya yana ba ni labarin yadda ya kamata ya yi.

Na ɗauka magana ta mutu. Bayan kwana huɗu Inna, mahaifiyarmu, ta aiko a kira ni. Ashe matashin malamin, don ya kwantar ma yara da hankali, ya ce masu a aji su daina baƙin ciki, sun ci wasansu, mai agogo ne ya yanke masu lokaci. Auta ya miƙe a gaban kowa ya ce, "Malam, ƙarya ne." Wanda bai yi zamanin ba ba zai san girman wannan kalma ba. Hedimasta ya yi mashi bulala shida, sannan ya yanke hukunci: Auta ya tsaya gaban dukan makaranta ya ce Malam gaskiya ya faɗa, ya nemi gafara. In bai yi ba kafin ranar da za a aika sunaye Katsina, za a sa wani a madadinshi. Saura kwana biyar.

Na same shi da hantsi a gindin rumbu yana ɓarar gyaɗa. Inna na gefe tana tankaɗe.

"Auta, ka je ka ba Malam haƙuri. Baki ne kawai."

"Ba haƙuri kaɗai aka ce ba, Yaya. Cewa aka yi in ce gaskiya ya faɗa."

"To ka faɗa mana. Me zai rage ka?"

"In tsaya gaban yara in ce yayana ɓarawo ne?"

"Ni ban damu ba. Na yafe."

"Ni na damu."

Inna ta ce, "Ka ji shi ko? Tun shekaranjiya haka nake fama. Kan uban nan naku ya ɗauko, ba a lanƙwasa shi."

Na yi mashi faɗa, na yi lallashi, na ambaci Katsina da irin rigar da 'yan Midil ke sawa. Yana ta ɓarar gyaɗarshi. Can ya ajiye ƙwaryar ya dube ni.

"Yaya, in ka yanke ka gaya mani. Ko kuskure ne, ai ido na gizo. Wallahi yanzu zan tashi in je in durƙusa mashi. Amma in ba ka yanke ba, ba zan faɗa ba ko za a kore ni."

Yaron nan da kanshi ya buɗe mani ƙofa. Kuskure. Kalma ɗaya ce, kuma ba wanda zai kashe ni a kanta. Amma na tuna in na ce kuskure, za a fara tambayar wa ya amfana, kuma jan maraƙin yana ɗaure a gidan tela ana jiran ranar kasuwa. Na tuna dattijon da ya kira ni ɗan halas. Na tuna gidan da nake neman aure. Abin da ya fi duka, ban iya jure yadda idonshi zai canza ba.

Na ce, "Ban yanke ba."

Ya yi murmushi, ya jawo ƙwaryarshi. "To shi ke nan."

Na je wurin hedimasta na roƙe shi. Mutum ne mai adalci iyakar saninshi. Ya ce, "Akawu, ni ban ce ka yi ba, ban ce ba ka yi ba. Amma yaro ba zai ƙaryata malami gaban aji in ɗauki sunanshi in aika gaba ba. Ya fi su duka, na sani, ni ma abin na ci mani rai. Kalma ɗaya nake jira." Ya tsura mani ido, kamar ba daga Auta kaɗai yake jiranta ba. Na yi godiya na fito.

Kwana biyar ɗin nan kullum sai na tashi da niyyar in faɗa, in ce bari sai gobe. Ranar ta zo, aka aika sunaye uku, ba nashi.

Ya ƙare aji huɗu ya koma gonar mahaifinmu, gero da dawa da wake. Daga baya ya riƙa bin Fulani yana sayen shanu ya kora kudu. Yaron da aka sa a madadinshi ya zama babban ma'aikacin gona, yana zuwa garinmu da mota, Auta na cikin masu fitowa gaishe shi. Duk wanda aka aiko ma wasiƙa a unguwa wurin Auta yake kaiwa ya karanta, kuma in ya sayi ƙosai sai ya karance takardar da aka ƙunshe shi kafin ya yar. Bai taɓa yi mani ƙorafi ba. In ana hirar wasan nan sai ya yi dariya ya ce ma 'ya'yanshi, "Taku ɗaya na makara. Ku tambayi babanku babba, shi ke riƙe da agogo."

Ni kuwa na sayar da maraƙi na yi aure. Shekarar da ta biyo na ce idona na ciwo, na mayar da agogo. Ban ƙara sa goro ba, kuma na daɗe ina lissafa wannan a matsayin tuba. Na riƙa yi mashi alheri fiye da kima, taki, kuɗin magani, hidimar bikin 'ya'yanshi, har mutane na cewa ba su taɓa ganin wa mai son ƙanenshi kamata ba. Tela ya mutu da sirrin.

Sai da muka yi furfura mu biyu, shekarar da zan tafi aikin hajji. Kamar yadda aka saba, na bi gida gida ina neman gafara. Abu ne mai sauƙi, kafin ka rufe baki an ce maka ba komai, an yafe. Na same shi da la'asar a gona yana ɗaure karan dawa. Tun daga nesa ya ce, "Yaya, kada ma ka fara. Me ka taɓa yi mani? Na yafe duniya da lahira."

Da na juya a nan, da na tafi da gafarata a hannu. Na ce ya zauna. Muka zauna kan dami. Na gaya mashi duka, da tela, da mahauci, da keke, da maraƙi, da yatsan da na murɗa agogo da shi. Ban kalle shi ba sai da na gama.

Sannan ya ce, "Saura nawa?"

"Minti ɗaya da rabi."

"Ashe ta ci."

"Ta ci."

Sai na ga fuskarshi ta yi haske, ya yi wata 'yar dariya ta yaro, ya bugi cinyarshi. "Ashe ta ci! Na san na buga ta da kyau." Dariyar ba ta daɗe ba. Na ga tana janyewa a hankali, yana bin abin baya baya, daga fili zuwa aji, daga aji zuwa gindin rumbu. Na jira ya yi maganar Midil, na shirya ma wannan shekara da shekaru. Bai ambace ta ba.

"Malam ya rasu bara waccan," ya ce. "Ka sani?"

"Na ji."

"Ko ta'aziyya ban je ba. Shekara talatin da wani abu in na hango shi a kasuwa sai in canza hanya. Sau biyu yana aiko mani da gaisuwa ban amsa ba. Mutumin nan gaskiya ya faɗa, Yaya. Don mu ya faɗa."

Na ce, "Laifin nawa ne, ba naka ba."

"Bakina ne ya ce mashi maƙaryaci."

Ya tashi ya ci gaba da ɗaure karanshi. Na tsaya ban san abin yi ba. Na ce, "Auta, gafarar fa?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Ai na riga na faɗa. Ba na mayar da magana."

Washegari na ji zai tafi garin da iyalan malamin suke, can bayan Dudunni, ya yi masu ta'aziyyar da bai yi ba, ya gaya ma 'ya'yanshi abin da ya kamata ya gaya ma ubansu. Na je da sassafe na ce in raka shi, don ni ya kamata in yi bayani. Yana ɗaure igiyar takalminshi ya ce a'a, in zauna in yi shirin tafiyata, wannan tsakaninshi da Malam ne.

Ranar da za mu tashi ya zo tasha cikin masu rakiya, ya ba ni hannu ya ce Allah Ya karɓa. Ya ƙara shekara shida a duniya. Muna gaisawa, muna zama tabarma ɗaya wurin suna da jana'iza, 'ya'yanmu ba su ga wani canji ba. Amma ya bar karɓar takina, kuma in na je gidanshi sai ya sa a shimfiɗa mani a zaure kamar baƙo. Har ya rasu bai gaya mani abin da 'ya'yan malamin suka ce mashi ba, ni kuma ban samu fuskar tambaya ba.